Abin da Janar Hooker ya sani game da rundunar Lee a hunturun 1863

Tambaya: "Malam, na ji an ce kafin gumurzun Chancellorsville a yaƙin basasar Amurka, Janar Hooker na ɓangaren Tarayya ya san yawan sojojin Janar Lee kusan daidai. Ta yaya ya sani, alhali lokacin sanyi ne, kowa yana zaune a sansaninsa, babu jirgin sama babu rediyo? Kuma in har ya sani, me ya sa aka ci shi da yaƙi?"

Ɗan'uwa, abin da ka ji gaskiya ne, sai dai da gyara a wuri ɗaya: ba kowa ne ya zauna ba. A wannan hunturun dubban sojoji sun yi ta ƙaura a ɓangarorin biyu, wasu a jiragen ruwa, wasu a ƙafa cikin dusar ƙanƙara. Aikin masu leƙen asiri kuwa duk ya taru a kan abu guda: wa ya tashi, ina ya nufa, wa ya rage a tsallaken kogi.

Kogin shi ne Rappahannock, a jihar Birjiniya. Garin Fredericksburg yana bakinsa ta kudu, kusan tsakiyar hanya tsakanin Washinton da Richmond, hedikwatar 'yan awaren Kudu. Daga Nuwamba 1862 har ƙarshen Afrilu 1863 rundunonin biyu suna kallon juna a nan, ta Tarayya a kan tuddan Falmouth ta arewa, ta Janar Robert E. Lee ta kudu. Kada kalmar hunturu ta ruɗe ka. Namu busasshe ne, ƙura da hazo, hanya kuma garau. Nasu ruwa ne da ƙanƙara, ta zuba yau ta narke jibi, hanyoyin jar ƙasa su koma taɓo har gwiwa. In kana neman kwatancinsa a wurinmu, tsakiyar damina ce, lokacin da mayaƙan da can ma sukan jingine mashi sai kaka ta yi.

Kafin Hooker, leƙen asirin rundunar Tarayya, wato ta jihohin Arewa, abin takaici ne. Janar McClellan, kwamandanta a lokacin, ya ɗora aikin a kan Allan Pinkerton, mai kamfanin binciken masu laifi daga Chicago. Pinkerton ya iya tattara labari, amma lissafinsa kullum sama yake yi. A tsakiyar 1862, a ƙofar Richmond, McClellan ya yi imani mutum 200,000 yake fuskanta, alhali na Lee ba su kai 100,000 ba. Da Shugaba Lincoln ya sauke McClellan a Nuwamba, Pinkerton ya naɗe tabarmarsa ya bi shi. Janar Burnside da ya gaji kujerar bai tarar da kowa a wannan fanni ba sai kusan mutum ɗaya, wani saurayi mai zanen gine-gine da taswira, John Babcock. Ka riƙe sunan nan.

Gumurzun Fredericksburg na 13 ga Disamba 1862 an fi tuna shi da katangar dutsen da ke gindin tudun Marye, inda aka yi ta tura sojojin Tarayya sahu bayan sahu ana karkashe su. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda sahihin labari ya lalace a hannun Burnside. Da farko ya yi sauri ƙwarai, don sahun gabansa ya isa Falmouth ran 17 ga Nuwamba, Lee bai iso ba tukuna. Amma kwale-kwalen da ake jerawa a shimfiɗa katako a kai su zama gada ba su zo ba sai bayan wajen mako guda. Kafin nan Janar Longstreet, ɗaya daga manyan kwamandojin Lee biyu, ya hau tuddan bayan garin. Ɗayan, Janar Jackson, ya biyo daga kwarin Shenandoah, Lee ya baza mutanensa a bakin kogi ta gangare har Port Royal, wajen kilomita 30. Burnside ya samu wannan labari, kuma daidai ne. A kansa ya gina shawararsa: tunda Lee ya rarraba ƙarfinsa, in aka haye a gaban garin kai tsaye za a cim ma wani ɓangare kafin sauran su iso. To amma ran 11 ga Disamba maharban Mississippi na Janar Barksdale, na ɓangaren Lee, suka laɓe a gidajen bakin ruwa, suka hana magina gada sakat kusan yini guda. Ran 12 ta tafi a hayewa da wawashe gari. Cikin daren nan Jackson ya kira dibishin biyun da ke nesa (dibishin babban kaso ne na runduna, mai dubban sojoji), na Early da na D. H. Hill, suka kwana suna tafiya. Da gari ya waye rundunar Lee a dunƙule take. Tarayya ta rasa fiye da mutum 12,000 tsakanin matattu da masu rauni da kamammu, Kudu wajen 5,000.

Ran 20 ga Janairu 1863 Burnside ya sake gwadawa, wannan karon ta sama, wajen mashigin Banks. Da yammar ranar aka kece da ruwa, aka kwana ana yi, aka wuni. Ƙafafun igwa suka nutse a laka, a ninka dawaki, a ƙara da mutane da igiya, ko gezau. Alfadarai suka yi ta faɗuwa suna mutuwa cikin kayan ja. 'Yan Kudu a tsallake suka kafa alluna suna shelar Burnside ya maƙale a taɓo. Ran 26 ga wata Joseph Hooker ya karɓi runduna.

Shugaban ma'aikatansa, Daniel Butterfield, ya faɗa daga baya cewa jahilcinsu game da abokan gaban da ke gabansu kamar a ƙasar Sin suke. Kogin nan a wasu wurare ana jin muryar na tsallake, amma babu takarda ɗaya a hedikwata da ke nuna yadda rundunar Lee ta kasu. A watan Fabrairu Hooker ya ɗauko Kanar George Sharpe, lauya daga jihar New York wanda ke jagorantar rejimenti ta 120 ta jihar (rejimentoci 'yan kaɗan ke haɗuwa su zama birged, birged 'yan kaɗan su zama dibishin), ya sa shi ƙarƙashin shugaban 'yan sandan soja, Janar Marsena Patrick, ya kafa ofishin tattara bayanan soja. Babcock ya zama na hannun damansa.

Abin da Sharpe ya kawo sabo ba wani ɗan leƙen asiri mai siddabaru ba ne. Kowace hanya ta samun labari tana nan tun da. Akwai balan-balan ɗin Thaddeus Lowe, da ke ɗaga mutum sama ya hango sansanin abokan gaba, akwai masu hangen nesa da tabarau a kan tudu, akwai sojojin doki, akwai fursunoni. Matsalar ita ce kowa yana kai nasa ga babban kwamanda kai tsaye, shi kuma ga aikin ciyar da mutum fiye da 100,000 a kansa. Sharpe ya sa duk su zubo a tebur ɗaya, a gwada wannan da wancan, sannan a miƙa wa Hooker abin da aka tace.

Ɗauki misalin irin aikin da ake yi kullum. Cikin dare wani sojan Kudu ya gaji da yunwa, ya ratso ruwan sanyi ya miƙa kansa. Da safe a zaunar da shi kusa da wuta, a ba shi kofi mai zafi da burodi. Ba a tambayarsa shirin Janar Lee, don ƙaramin soja bai san wannan ba, in ma ya faɗa hirar sansani ce. Abin da ya sani da idonsa ake tambaya. Wace rejimenti kake, ta wace jiha, lamba nawa? Wa ne kanar ɗinku, wa ne janar ɗin birged? Su wa suka yi sansani a damanku, su wa a hagunku? Mutum nawa ke amsa kira da safe a kamfaninku? Yaushe rabonka da nama? Bukkokin da ke bayan tudu da mutane a ciki ko an tashi? Babcock ya rubuta, ya buɗe babban jadawalinsa ya duba. In mutumin ya ce birged ɗinsu tana da rejimenti biyar alhali mutum uku kafin shi sun ce huɗu, to ko dai an yi sauyi ko dai ƙarya yake yi, kuma ƙarin tambaya biyu za su fayyace. A takarda rejimenti mutum 1,000 ce, amma bayan kusan shekara biyu na yaƙi da cuta yawanci 'yan ɗaruruwa ne suka rage. Wanda ya ƙirga sunaye ya ninka da dubu zai ga dodo. Babcock yana neman ainihin masu amsa kira, ya fitar da matsakaici, ya ninka da yawan rejimentocin da ya tabbatar suna nan. Aiki ne na akawu, mai cin rai, kuma shi ne ƙashin bayan komai.

Bayin da suka tsero daga gonakin Kudu sun fi kowa sanin hanyoyi da mashigai da abin da jiragen ƙasa ke ɗauka, domin su ne masu tuƙa amalanke da girki da haƙa ramuka a wancan ɓangaren. Tarihi ya riƙe sunayen janar-janar, nasu kuwa mafi yawa sun ɓace, kuma wannan yana damuna duk lokacin da na koma kan zancen. Jaridun Richmond ma suna hayowa. Masu gadin bakin kogi na ɓangarorin biyu sukan sassaƙa ɗan jirgin wasa, su kafa masa filafili, su ɗora kofi ko sukari su tura, a mayar musu da taba da jarida. Sannan akwai farar hula a bayan layin Lee da zuciyarsu ke tare da Tarayya, kamar wani manomi Isaac Silver da ke zaune kusa da Chancellorsville, wanda ya riƙa zagaya sansanoni yana aiko da bayanin inda aka tsare da inda aka bari a buɗe. Sanyin kansa ya taimaka ta wani gefe: itatuwa sun kaɗe ganye, kowace bukka tana hayaƙi, mai balan-balan yana iya ƙiyasta girman sansani. Amma hayaƙi ba ya faɗin sunan mai wuta, kuma mutum goma suna iya hura wutar mutum ɗari. Shi ya sa ido daga sama ba ya wadatarwa sai an haɗa shi da bakin fursuna.

Yanzu ga motsin da ya sauya lissafi. A farkon Fabrairu aka kwashe Rukuni na Tara na sojojin Tarayya (rukuni tarin dibishin ne) a jiragen ruwa zuwa Newport News, can bakin teku. Labarin ya isa Richmond, hankali ya tashi, don daga wannan gefen McClellan ya tunkari birnin a shekarar da ta gabata. Wajen tsakiyar watan Lee ya tura dibishin biyu na Longstreet, na Pickett da na Hood, suka nufi kudu cikin ƙanƙara da caɓi, Longstreet da kansa ya bi su. Tun a Janairu dibishin ɗin Ransom ya riga ya tafi wajen Carolina ta Arewa. Lee ya yi gumurzun Fredericksburg da dibishin tara na sojojin ƙasa, yanzu saura shida. Abin mamaki, yawancin Rukuni na Taran nan ba Richmond suka nufa ba, a watan Maris aka wuce da su Kentucky. Motsin da ba a yi shi don yaudara ba ya janye wa Lee dubban gwanayen mayaƙansa.

Ba tsoro kaɗai ya riƙe Longstreet a can ba, har da ciki. Layin dogo ɗaya tilo ke ciyar da rundunar Lee daga Richmond. An rage rabon nama zuwa rubu'in laba a yini, dasashin sojoji ya fara zubar da jini saboda rashin ɗanyen ganye, har aka riƙa tura su daji neman albasar jeji da tohon itatuwa. Dawakin igwa an kai su nesa inda za su samu ciyawa. A Richmond kanta mata sun yi boren burodi ran 2 ga Afrilu. Yankin da Longstreet ya je kuwa akwai masara da nama a rumbuna, don haka ya yi wa garin Suffolk, da ke hannun Tarayya, ƙawanya daga 11 ga Afrilu, amalankensa suka bazu ƙauyuka suna tara abinci.

Tambayar da ta fi kowace nauyi a teburin Sharpe ke nan: ina Hood da Pickett? Jita-jita ta kai su wurare daban-daban. Amma jadawalin Babcock yana magana ta hanyar shiru: makonni suna wucewa ba a samu ko mutum ɗaya daga rejimentocinsu ya hayo kogi ba, alhali na sauran dibishin suna ta zuwa. Daga Suffolk kuma Janar Peck na Tarayya yana ta aiko da waya cewa Longstreet yana gabansa. Zuwa ƙarshen Afrilu ofishin ya ba Hooker ƙiyasin mutum 55,000 da 'yan kai. Ainihin abin da Lee ya shiga yaƙi da shi wajen 60,000 ne. Ka gwada wannan da lissafin Pinkerton. Hooker kuwa yana da wajen 130,000.

Lee ma ba barci yake ba. Yana karanta jaridun Arewa, mutanen karkarar da Tarayya ta yi sansani a cikinsu yawanci nasa ne, ga sojojin dokin Janar Stuart. Ran 25 ga Fabrairu Fitzhugh Lee, wani janar na sojojin dokin Stuart, ya haye da mahaya 400 ya afka wa masu gadi a cocin Hartwood, ya kama wajen 150, musamman don a gane ko rundunar Hooker tana nan ko ta bi Rukuni na Tara. Ya bar wa tsohon abokin karatunsa Janar Averell na sojojin dokin Tarayya takarda cewa in zai rama ziyara ya zo masa da buhun kofi. Ran 17 ga Maris Averell ya haye a mashigin Kelly, aka gwabza, ya bar masa kofin. Hooker ya toshe ƙofofi gwargwadon iko: ya hana musayar jarida a bakin kogi, ya matsa wa farar hula, shirinsa kuma ya ɓoye shi har ga manyan janar ɗinsa. Da aka gane 'yan Kudu suna karanta saƙonnin da ake aikawa da kaɗa tuta, Butterfield bai nuna an gane ba. A tsakiyar Afrilu ya sa aka kaɗa saƙon ƙarya cewa sojojin doki sun nufi kwarin Shenandoah. Aka ga masu tutar Kudu suna isar da shi gaba, Stuart ya karkata mahayansa can sama, aka samu giɓi a bakin kogi.

Ta wannan giɓi Hooker ya bi. Ran 27 ga Afrilu rukuni uku, wajen mutum 40,000, kowa da guzurin kwana takwas, suka yi zagaye ta mashigin Kelly, suka haye Rappahannock, suka haye Rapidan, ran 30 ga wata suna Chancellorsville, kilomita 16 yamma da Fredericksburg, a bayan Lee. A gaban garin kuma Janar Sedgwick ya haye don ya ɗauke hankali. Har zuwa wannan rana ban san wani shiri a yaƙin nan da leƙen asiri ya yi wa hidima kamar wannan ba.

To me ya faru? Ofishin Sharpe an gina shi ne don abokin gaba mai zaune, wanda za a yi makonni ana ƙirga shi. Da runduna ta fara motsi, labarin da ake bukata na sa'a guda ne, kuma a zamanin nan mai kawo shi doki ne. Hooker kuwa ya tura Janar Stoneman da kusan duk sojojin dokinsa, wajen 10,000, can kudu su lalata layin dogo, ya bar 'yan kaɗan a tare da shi. Wurin da ya shiga kurmi ne mai sarƙaƙiya, daga balan-balan ba a ganin abin da ke ƙarƙashinsa. Wayar tangarahun da ta haɗa shi da Butterfield a Falmouth ta yi ta ba da matsala, saƙo ya makara ko ya zo a hargitse. Stuart kuwa yana nan da mahayansa, su ne suka gano cewa gefen dama na Hooker a sake yake, ba kogi ba tudu da ya jingina da shi.

Ana cikin haka wasu da suka tsero daga Kudu suka ce mutanen Longstreet sun dawo. Ba gaskiya ba ne, kuma ya saɓa wa aikin wata uku, amma ya shiga kunne a lokacin da zuciya ke rawa. Ran 1 ga Mayu, da Jackson ya tare shi a hanya, Hooker ya janye sahun gabansa ya koma cikin kurmi ya kafa kariya.

Ran 2 ga Mayu ita ce ta fi ciwo. Jackson ya ɗauki wajen mutum 28,000 ya yi zagayen kilomita 19 da rana tsaka, kuma an gan shi. Sojojin Janar Sickles na Tarayya a tudun Hazel Grove sun hango jerin gwanon yana ratsa wani fili. Da ƙarfe tara da rabi na safe Hooker ya aika wa Janar Howard, mai riƙe da gefen dama, cewa ya yi shirin hari daga gefe, kuma a nan dole a yi masa adalci. Howard bai yi wani abin kirki a kai ba. Da rana ta yi, Hooker da kansa ya sauya fassara. A wurin da ake hangen hanyar ta karkata kudu ne, shi kuma tun farko shirinsa ya ginu a kan cewa Lee zai ja da baya, sai ya ga abin da yake so ya gani: gudu suke yi. Masu gadin Rukuni na Sha Ɗaya, wato na Howard, sun yi ta kawo rahoton taruwar mutane a daji ta yamma, aka ɗauke su matsorata. Bayan ƙarfe biyar na yamma namun daji suka fara fitowa a guje suna ratsa sansani, sojoji suna dafa abinci, bindigogi a jingine. A bayansu Jackson ne.

Duk da haka ba a gama ba. A daren nan mutanen Jackson suka harbe shi bisa kuskure, ya rasu ran 10 ga Mayu. Rundunar Lee a rabe take, kuma lissafin Babcock yana nan daram: Hooker ya fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba. Ran 3 ga wata harsashin igwa ya daki ginshiƙin da Hooker ya jingina da shi a barandar gidan Chancellor, ya faɗi sumamme, ya farfaɗo a ruɗe bai kuma miƙa ragama ga kowa yadda ya kamata ba. Rukuni biyu na Hooker, na Reynolds da na Meade, kusan ba su shiga yaƙin sosai ba. A ganina a nan aka yi asarar, fiye da yammacin 2 ga Mayu. Daren 5 zuwa safiyar 6 ga wata ya sake hayewa arewa, ya rasa wajen mutum 17,000, Lee wajen 13,000. Longstreet, wanda aka kira tun ƙarshen Afrilu, sai da ya tattaro amalankensa daga ƙauyuka, bai iso ba sai bayan an gama.

Hooker ya bar kujerar a ƙarshen Yuni, amma ofishin ya ci gaba. A Gettysburg, daren 2 ga Yuli, Sharpe ya iya gaya wa Janar Meade, wanda ya gaji Hooker, cewa an kama fursunoni daga kowane ɓangare na sojojin ƙasan Lee in ban da dibishin ɗin Pickett, wato shi kaɗai ne bai taɓa wuta ba. Washegari Pickett ɗin ne aka turo. A Afrilu 1865, da Lee ya miƙa wuya a Appomattox, Sharpe aka ɗora wa aikin ba sojojinsa takardun sallama, wajen mutum 28,000, rejimenti bayan rejimenti.